Hayaƙin Sojojin Maigidana

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, yau ga nawa, amma a sakaya sunana.

A lokacin ni malamar firamare ce a Unguwar Dosa, ga baki, ga alfaharin na fi kowa dacen miji. Maigidana ma'aikaci ne a sashen zanen taswira, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Da ya dawo daga ofis sai ya shige ɗan ɗakin da ke bayan kicin, wurin sojojinsa. 'Yan mutum-mutumi ne da ba su kai tsawon yatsa ba, na sojojin Turawan zamanin da ake ɗura wa bindiga albarushi ta baki, irin ta mafarauta. Wani abokin aikinsa da ya yi karatu a waje ne ya koya masa. Ranar Asabar sai shi da abokin su jera su a tebur su yi ta yaƙi da su, manya da gemunansu. Aikinsa shi ne yi musu fenti daidai da kayan da suka sa a tarihi: na Ingila jar riga da farar ɗamara a gicciye a ƙirji, na Faransa shuɗiyar riga da doguwar hula, na Rasha koriya. Ya taɓa wanke aikin mako guda saboda launin wuyan rigar bai dace da bataliyar ba. Nakan tsokane shi da Janar mai mayaƙan aljihu, ya yi dariya ya ce ko maɓalli sai an ba shi haƙƙinsa.

Da odar su daga waje ta gagara, sai ya koma ƙera nasa. Yakan sayo tsofaffin batiran mota, ya ciro dalmar ciki, ya narka ta a kurfoti cikin ɗakin, taga a rufe don kada ƙura ta ɓata fenti. Ya zuba a mazubi, ya goge da magagari, ya hure garin da bakinsa. Kuma kafin ya zana maɓalli sai ya lashi bakin buroshi don ya yi tsini. Ina kallo ina yabawa, har makwabta nake kira su zo su gani.

A hankali ya fara ciwon ciki mai murɗa shi kamar ana matsar wanki. Muka sha maganin gyambon ciki daga kemis har muka gaji. Sai faɗa. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya jefe ni da kofi don shayi ya huce. Yana mantuwa, yana magana shi kaɗai, hannunsa na dama ya fara lanƙwashewa daga wuyan hannu. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Mahaifiyarsa, Hajiya, ta zo daga Unguwar Kanawa ta leƙa ɗakin, ta fito tana salati. Ta ce ai ga ciwon nan a jere a kan tebur, wa ya taɓa tara gumaka haka a gida ya zauna lafiya. Na so in ce mu fara zuwa asibiti, amma ni kaina zuciyata ta riga ta karkata, don na gaji da neman dalili. Yayansa ya kawo wani mai magani. Mutumin ya dubi sojojin ya ce iskokai ne suka shige su, kuma ba za su saki maigidana ba sai an ƙone su ya shaƙi hayaƙin.

Da hantsi aka yi. Muka hura gawayi a kurfoti a tsakar gida, yayansa ya kwaso sojojin da kwando ya juye a wuta, aikin shekaru. Maigidana ba ya cikin hayyacinsa sosai, amma da ya ga jajayen rigunan suna baƙi sai ya miƙa hannun nan da ba ya aiki. Aka zaunar da shi gaban kurfotin aka lulluɓe shi da bargo. Hajiya ta riƙe gefe ɗaya, ni na riƙe ɗayan. Yana tari yana kiran sunana yana roƙon in buɗe, mai magani yana cewa ba shi ne ke magana ba. Na ƙara danne bargon da gwiwata. Da muka ji shiru muka yaye, sai ya zube yana fizge-fizge, kumfa na fita daga bakinsa. Mai maganin ya ce fitarsu ke nan. Ni kuwa na kurma ihu na fita titi ba mayafi na tare mai Keke.

A asibiti likita ya buɗe bakinsa ya nuna mini wani baƙin layi a dasashinsa, ya tambayi abin da yake taɓawa da hannu. Na zayyana masa komai, har da bargon. Ya sa aka ɗebi jininsa. Da sakamakon jini ya fito ya ce gubar dalma ce ta taru a jikinsa tun tuni, kuma da an kawo shi lokacin ciwon cikin, da ya warke sarai. Hayaƙin da muka ba shi ne ya ƙarasa abin da ya rage, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Allah ya taimaka yaranmu suna makarantar kwana.

Ya rayu, amma ya bar aiki. Hannun bai dawo ba, ni nake ba shi abinci a baki. Hajiya ta rasu ba ta ƙara tayar da zancen ba, yayansa kuma ba ya iya haɗa ido da ni. Ban ga laifinsu fiye da nawa ba, don ni ce mai karatun, kuma ni ya kira.

Abin da na koya shi ne, tsoro yana sa mutum ya cuci wanda ya fi so yana ganin ceto yake yi. Ina roƙon masu narka batir, masu fenti, da duk mai sha'awar irin wannan aiki, ku sani dalma guba ce ko da ba ta da wari. Idan naku ya canza hali yana ciwon ciki, ku yi masa addu'a, amma ku kai shi asibiti ku faɗa wa likita abin da yake yi da hannunsa. Kuma in marar lafiya ya ce a buɗe shi, ku buɗe.

Maigidana bai tuna ranar nan ba ko kaɗan. Lokaci-lokaci yakan tambaye ni ko sojojinsa suna nan, don akwai 'yan Faransa da bai gama wa hula ba. Sai in ce suna cikin akwati suna jiran hannunsa ya warke. Yakan yi mini godiya da na adana masa su.