Garmar da Anti Hadiza ta binne

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: takardun Anti Hadiza da suka ɓace, ni na ɗauke su. Cikin littafin soyayya nake ɓoye su ina karantawa. Ajin kimiyya nake so, amma na kasa tunkarar Baba.

Anti Hadiza ƙanwar Innarmu ce, tana koyar da yadda ake gano abin da ke ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna maganaɗisu. Ta zo hutu Kebbe tana shirya darasi, sai ta binne tsohuwar garma a bayan gida. Ta bi wurin tana aunawa, don ɗalibanta su lissafo inda ƙarfen yake ba tare da tono ba.

Jiya na leƙa lambobin awon da ta rubuta, bakina ya suɓuce: "Anti, kusa da rumbu take."

"Ke Rabi, wa ya gwada miki?"

"Nan lambobin suka yi tsalle."

Ta tuntsire da dariya. "Ashe ɓarauniyata nika ba fura kullum! Riƙe takardun, kanki na ja."

Allah Ya saka miki, Anti. Na rubuta wa Baba wasiƙa kan ajin kimiyya, yana dawowa daga la'asar zan miƙa masa. Ku taya ni da addu'a.