Ɗorawar Gwaggo Uku a Kwarin Faskari

Kankara zuwa Sheme

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da Yaya Lawal, ɗan wan babana da ke aiki a Abuja. Gwaggonmu ce ta aike mu. Tana da ɗorawa uku a wani kwari bayan duwatsun Faskari, gadon mahaifiyarta, suna tsaye cikin gonar baban Yaya Lawal wadda Yaya ya sayar bayan rasuwar tsohon. Shekara biyu ke nan ba a kawo mata ko ƙwayar kalwa ba, ga ciwon ƙafa ya zaunar da ita, sai ta ce mu je mu gano mata. Shi kuwa Yaya yawon buɗe ido ya fito: ga malafa, ga baƙin tabarau tun gari bai waye ba, ga waya a kan sandar ɗaukar hoto.

Shida saura kwata motarmu ta tashi, mu huɗu a baya kamar buhunan masara. Shingen jami'an tsaro uku muka wuce, kowanne sai Yaya ya leƙa ya zuba Turanci.

"Alhaji, don Allah aje wagga sanda," in ji direba, "kada a tsaida mu a banza."

Bakwai da kwata muna Sheme. Muka sayi koko da ƙosai, ya yi ta ɗaukar su hoto har suka huce, wai abincinmu na gado. Sai ka ce a Abuja ba a suya.

Kwarin

Ƙarfe tara muka hau mashin daga Faskari, tafiyar minti arba'in, saura kuma a ƙafa. Gaskiya wurin ya burge ni. Duwatsu hagu da dama, kanya da ɗinya a gangare, rema na shan hantsi, ga ramukan da kakanni suka yi niƙa har yanzu sumul a kan falalen dutse. Yaya ya hau ragowar tsohuwar ganuwa yana yi wa wayarsa lacca, wai su ne za su kare wannan gado. Haushi ya ishe ni, na wuce na bar shi.

Ni na fara isa gonar. Kututture uku na tarar, da baƙin fili inda aka toya gawayi. Da Yaya ya iso sai ya hau zagin jahilan ƙauye waɗanda ba su san darajar itace ba. Mai mashin da ya rako mu a ƙafa ya ce mu nemi Baba Mati, wanda ya saba kaɗe wa Gwaggo ɗorawar duk bazara, ya koma Damari wajen ɗansa.

Damari

Biyar da rabi muka isa, bayan mun canza mota sau biyu. Baba Mati ya sauke mu a zaurensa da tuwon masara miyar kuka. Yaya ko hannu bai wanke ba ya fara bincike, wa ya sare, wa ya ba da izini.

"Ai kai ne, Alhaji," in ji Baba. "Mai sayen gonar gabana ya buga maka waya, ya ce har da itatuwa? Ka ce mashi komi da komi."

"Yo ai duk abin da ke cikin gona na mai gona ne."

"A Habuja ƙila. Nan gona daban, ɗorawa daban. Ubanka ya tsuhwa yana noma ƙarƙashinsu, bai taɓa kaɗe su ba sai ya aika ma ƙanwarshi. Wanga ko ɗan yaye ya san shi."

Nan muka kwana.

Sabuwa zuwa gida

Da safe a Sabuwa Yaya ya sayi daddawa cike da leda, ya ce in ce ta kalwar Gwaggo ce Baba Mati ya aiko. Ko sansanawa bai yi ba, balle ya gane ta waken suya aka ba shi. Na ce bakina ba zai ɗauki wannan ba.

Ana kiran la'asar muka shiga Kankara lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Baba Mati da direbobin da suka yi haƙuri da mu. Gwaggo na kan tabarma, Yaya ya durƙusa ya miƙa ledar. Ta buɗe, ta kai hanci sau ɗaya, ta ture gefe, ta dube ni.

"Guda nawa suka rage?"

"Ba ko ɗaya, Gwaggo."

Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Sai ta ce, "Kira mani Hassana." Jikarta ke nan, wadda za a aurar bayan kaka. "Na yi mata alkawari ɗorawar tsakiyar tata ce. Gara ta ji daga bakina."