Rassan Tuffa a Hannun Kawu

A shekarata ta biyu ta karatun noma a Lyon aka ɗora mini aikin duba ciwon da ke cin rassan tuffa. Fumfuna ce ke shiga ta inda ganye ya faɗi, ta yi wa ɓawon gyambo. Daga Vénissieux, inda nake zaune a gefen Lyon, nake fita gonakin bayan gari cikin tsananin sanyi, ina bin itatuwa da wuƙa. Reshen da tabo ya soma taɓawa in ware shi daban, wanda gyambon ya yi zurfi daban, wanda ya zagaye shi kamar zobe har kansa ya bushe shi ma daban. Hannuwana har tsagewa suka yi.

Da na gama, malamarmu ta ce in kai su labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a Paris a auna ƙarfin ciwon. Na ɗaure su dami-dami, kowane da zare mai launinsa, na hau jirgin ƙasa. Na sauka wajen Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da atamfa a unguwar Goutte d'Or. Ran Juma'a ce, labo kuwa sai Litinin, don haka na ajiye jakar bakin taga, na fita aski.

Ina dawowa na iske shi zaune da reza. Ya kwance dammunan duka, ya haɗe su wuri guda, yana kankare ɓawon tas.

"Kawu, me kake yi haka?"

"Asuwakin da ka kawo mini nake gyarawa. Amma ɗan nan, ba ka iya zaɓe ba. Duk masu ciwo ne."

"Ai ciwon nake so, Kawu! Ciwon shi ne aikin!"

Ya ɗago ya dube ni. "Wato ruɓaɓɓen icce aka turo ka Faransa ka tara?"

Ba dama in ɗaga masa murya. Ashe ma ya riga ya raba rabi a masallaci, har wani Alhaji maƙwabcinsa ya leƙo yana ƙorafin sun cika ɗaci.

Ran Litinin na buga wa malamar waya. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce in koma in yanko wasu. Kafin in isa, masu gonar sun sassabe rassan da suka kamu sun ƙone, dole na nemi wata gona can nesa, na faro daga farko cikin ruwan sama.

Kawu bai taɓa ba ni haƙuri ba. Abin da ya riƙa gaya wa dangi shi ne yaron nan yana da rowar asuwaki.