Tarwaɗata ta faɗi awo

Tun shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama nake jefa ƙugiya a tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya cika a bayan unguwarmu, ba wanda ya taɓa auna mini kifi sai yau.

Na ciro tarwaɗa ke nan bayan zaman awa uku, sai ga wani oga ya tuƙo kwalekwale, sanye da rigar ceto mai ruwan lemo, da rula a hannu. Wai shi ne shugaban sabuwar ƙungiyar masu kamun kifi don nishaɗi, kuma ramin yanzu a hannunsu yake.

Ya shimfiɗa ta a kan rula, ya girgiza kai.

"Baba, saura yatsa biyu ta kai. Doka ta ce a mayar da ita ta girma."

Na ce, "Oga, kuɗin shinkafa ya girma, kuɗin mota ya girma. Ita kaɗai ta ƙi, ita ma tsadar ce ta kama ta."

"To riƙe ta in yi maka hoto. Mu haka muke yi."

"Hoton ake sa wa a miya?"

Ya ce ko in sake ta, ko a hana ni bakin ramin. Na sake ta, ko waiwaye ba ta yi ba.

A gida na tarar matata Hajiya ta jajjaga tarugu, tukunya na kan wuta. Miya lami muka sha, har yanzu ba ta yi mini magana ba.

Jama'a, mai ƙoshi ne zai auna wa mai yunwa kifi? Ku faɗa mini.

Gobe da sassafe zan koma, amma da Hajiya. Bari ogan ya yi mata bayanin yatsa biyun da kansa.