Duwatsun da Zali Ta Jera wa Kifi

A Keita, a unguwar da ke kallon tabki, akwai wata tsohuwa mai suna Zali, matar marigayi Kalla. Duk wanda ya san garin tun shekarun fari ya san ta. A 1984, da gero ya ƙi, maza suka watse biɗa, wasu Abijan, wasu Legas, aka bar mata da tsofaffi da fako. A shekarar ne furoje ya zo, aikin farfaɗo da ƙasa, ana biyan mutane da abinci. Zali tana cikin matan farko da suka ɗauki dutse a ka. Su hau tudu da gammo, su jera duwatsu layi-layi a gicciye, daidai inda ruwan sama ke gangarowa yana kwashe ƙasa. Yaran da ke hutawa a inuwar itatuwan da suka tsiro a wurin a yau ba su san wuyan wa ya sha nauyinsu ba. Har yanzu in Zali ta tsaya, kanta yakan ɗan karkata hagu.

'Ya'yanta mata biyu suna gidan aure, ɗaya a Buza, ɗaya a Azarori. Namiji ɗaya ne, Muntari, kuma shi ne ɗan fari, don haka bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Wancan na Abijan" take cewa. Ba ta taɓa tambayarsa yaushe zai dawo ba. Uwa ba ta yi wa ɗan fari irin wannan tambaya, ko da ita ce ke hana ta cin tuwo.

Bara waccan, bayan an cire amfanin gona, ya zo gida rungume da bido, wato jarkar roba, buɗaɗɗen baki. A wani shago yake aiki a can, inda ake sayar da kifin ado. Ya sa aka yanka masa gilashi a Tawa, ya haɗa akwati da hannunsa, ya ɗora shi a kan teburin da ke ɗakinta. Ya zuba tsakuwa a ƙasa, ya kifa katangar tsohuwar tukunya, ya dasa wata ciyawar ruwa, sannan ya juye bidon. Kifi biyu suka fito, kowanne bai kai tsawon tafin hannu ba, shuɗi-shuɗi, da ɗigo baƙi a tsakiyar jiki da wani a gindin wutsiya. A ƙirjinsu akwai zare biyu dogaye da suke shafa komai da su, kamar makaho da sandarsa.

"Inna, gurami sunansu," in ji shi. "Ba su bukatar inji. Ko wuta ta ɗauke, bisa suke tasowa su shaƙi iska kamar mutane."

"Kihin da ba a ci, mi amfaninai?"

"Kallo, Inna. Ki riƙe mani su har in komo."

Ta kau da kai, ta ce ita ba ta da lokacin kallo. Amma maganar ta zauna mata. Tun da ya girma bai taɓa ba ta ajiyar komai ba, kuma wanda ya bar ajiya, ai da niyyar dawowa ya bari.

Maƙwabciyarta A'i, wadda taubashiyarta ce, ta leƙo bayan tafiyarsa, ta riƙe haɓa.

"Ke Zali! Mutane na samun jikoki, ke kin samu kihi. Yaushe suna? In kawo turmi?"

"Kawo bakinki, ya hi turmi faɗi."

A'i ce ta raɗa musu suna. Babban ta ce Jandarma, ƙaramin Talaka.

Da farko zaman lafiya ake yi. Zali takan ɗebo ruwan famfo, ta bar shi ya kwana a randa kamar yadda aka gaya mata, ta rage na akwatin ta ƙara sabo. Da abincin gwangwanin da ya bar musu ya ƙare, ta koma ba su gara. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ita mace ce da tsakar gidanta ko allura ta faɗi sai an gani. Safe da maraice zanen tsintsiya ba ya ɓacewa a ƙasarta. To ga gansakuka ta fara kama tsakuwar nan, ciyawa ta yi duhu, ga kuma wani kumfa da Jandarma ke tarawa a kusurwa, a saman ruwa. Wancan zai dawo ya iske kayansa cikin ƙazanta? Rannan ta naɗe hannun riga. Ta kwashe tsakuwa, ta tuge ciyawa, ta jefar da katangar tukunya, ta yaɗe kumfan da ludayi kamar na tukunyar wake. Akwati ya fito fes, babu komai sai ruwa da kifi biyu.

Ba a jima ba Jandarma ya sake launi. Shuɗinsa ya yi duhu kamar zanen da aka tsamo daga marina, har ɗigon jikinsa ya nutse a ciki. Zali ta ji daɗi, ta ɗauka tsabta ce ta karɓe shi. Sai daga baya ta lura cewa duk lokacin da ya yi duhun nan, fikafikansa a miƙe suke, kuma Talaka yake nema. Ya taso daga wannan bango ya doke shi a wancan. In ƙaramin ya tashi shan iska, ya tare shi. Shi kuwa Talaka kullum sai kodewa yake, daga shuɗi ya koma ruwan toka, wutsiyarsa ta yage kamar bakin tsohon zane. Ya lafe a kusurwa, zarensa biyu a manne da jiki.

Ta ƙara musu gara, don a saninta yunwa ce ke haɗa awaki faɗa. Jandarma ya cinye, ya koma bakin aiki. Ta ƙwanƙwasa gilashin ta yi masa faɗa: "Kai, ba ɗan'uwanka ba ne?" Ta ɗebe Talaka ta sa a ƙwarya, tana dawowa daga alwala ta iske shi a kan tabarma yana birgima, ya yi tsalle ya fito. Ta tsince shi ta mayar da shi akwatin.

"Ki kira mai su mana," in ji A'i. "Salularki don ado anka saya maki?"

Zali ba ta kira ba. Ta kira ta ce me? An ba ta rai biyu, tana shirin mayar da ɗaya?

Wata rana bayan la'asar tana zaune a gaban akwatin, carbi a hannu amma ba ta ja, ta bi Jandarma da ido. Daga bango zuwa bango, babu abin da ke gabansa. Sai ta gane inda ta taɓa ganin wannan gudu. Haka ruwan sama yake yi a kan fako, in bai iske ciyawa ko dutse ba: yana tafiya yana ƙara ƙarfi, abin da ya tarar a ƙarshe shi ke shan wahala. Ta tuna shugabar rukuninsu a kan tudu, wadda ta daɗe da rasuwa, tana faɗa wa sababbin zuwa: "Ba a tare ruwa, 'yan nan. Gudu aka karya mashi." Da hannunta ta mai da gidan kifin nan fako.

Washegari aka ga Zali ta naɗa gammo ta nufi tudu. Rabonta da hawansa tun Kalla na da rai. Layukan da suka jera suna nan, ƙasa ta binne rabinsu, ciyawa ta fito a tsakani. Ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin layi ba; a gefe ta tsinci nata, masu faɗi, marasa kaifi. Ta biyo ta bakin tabki ta tsinko ganyen bado. A'i na ganinta ta ɗora hannu a ka.

"Furoje ya komo ba a gaya muna ba? Shinkafa suka biya ko mai?"

"Kauce, tsohuwar banza, wuyana na ciwo."

Ta wanke duwatsun sarai. Ta jera su a gicciye cikin akwatin, layi biyu, ba a saitin juna ba, ta bar kafa a kowane layi yadda ƙaramin jiki zai wuce. Ta shimfiɗa ganyen bado a saman ruwa.

Jandarma bai tuba ba. Yakan taso da fushinsa, amma sai ya ci karo da dutse, kafin ya kewayo Talaka ya ɓace masa, sai ya tsaya yana shafa dutsen da zarensa, ya juya. Ya sake tara kumfansa a ƙarƙashin ganye. Ludayi ya yi ta yi wa Zali ƙaiƙayi a hannu, ta ƙyale. Ashe kumfan nan shi ne gidansa. Tun da ya samu abin tsaro a kusurwa ɗaya, ya rage sintiri. Talaka ya fara shan iska a bayan ganye. Ɗigon jikinsa ne ya fara fitowa, sannan shuɗin ya biyo a hankali, ko da yake bai kai na da ba. Wutsiyar ta tsiro a ɗan karkace. Gansakuka ta dawo, Zali ta kau da ido.

Ran wata Juma'a da hantsi salula ta yi ƙara. Muntari ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, bana ba ni samun zuwa. Mai shagon ya buɗe wani wuri, ni anka ba."

"Allah shi yi albarka," in ji ta. Sannan ta faɗi abin da ta daɗe tana tanadi. "Ajiyarka na nan lahiya. Su biyu."

"Wace ajiya?"

"Kihin."

Ya fashe da dariya, irin dariyar ubansa. "Suna nan da rai? Allahu akbar! Inna, ni na aza sun mutu tuntuni. In sun dame ki, ki ba yaran unguwa."

"Ba su dame ni ba."

Suka yi sallama. Ta ajiye salular a kan tabarma, ta daɗe tana duban akwatin. Daga bayan katanga A'i ta ɗaga murya: "Na ji ƙarar waya! Yaushe baƙon namu?"

"Yana gaishe ki," in ji Zali.

Ta tashi ta ɗauko gwangwanin gara. Ta barbaɗa wa Jandarma nasa a kusurwarsa, ta zagaya ta zuba wa Talaka a bayan ganye. Dutse ɗaya na layin baya ya ɗan zame, kafar ta tsuke. Ta naɗe hannun riga, ta tura hannu cikin ruwan, ta mayar da shi wurinsa.