Kokawar 'Yan Tsana a Kan Teburin Ɗinkina

Ƙanin mijina ya zo ya zauna da mu a Malumfashi a shekarun tamanin, lokacin da talabijin ya fara shiga gidajen ma'aikata. Ni ina koyarwa a firamare, da yamma in taɓa ɗinki. Shi kuma akawu ne a wani kamfanin sayen auduga a Funtuwa, yana zuwa yana dawowa a babur. Tun farko jininmu bai haɗu ba. Wasan da ake yi tsakanin matar wa da ƙanin miji, namu kullum da ƙaya a cikinsa.

Ba abin da yake so a duniya irin kokawar Turawa ta talabijin, ƙattin nan masu ɗan kamfai da ke hawa igiya suna faɗowa a kan juna. Wata rana ya dawo daga Kaduna da 'yan tsana na roba masu siffarsu, ƙirji kamar an hura, ba abin da ke motsi a jikinsu sai kafaɗa da ƙugu. Ba a jima ba ya sayi 'yar kamarar fim da majiginta a hannun wani malami Ba'indiye da zai koma ƙasarsu. Ya ce mana fim zai yi. Zai tsayar da ɗan tsana ya danna kamara, ya ɗan matsar da hannunsa ya sake dannawa, haka haka, in an haska sai a ga suna kokawa da kansu.

Da a ɗakinsa ya yi abinsa da ban tanka ba. Amma teburin ɗinkina ya fitar tsakar gida, ya kafa masa ƙusoshi a kusurwoyi, ya zagaye su da robar da nake sa wa siket, wai filin kokawa. Kowace Lahadi in an taso daga coci, gidan ya zama nasa. Ba mai daka, ba mai shara, yara in sun gifta ya daka musu tsawa. Ya tauna cingam ya manna a ƙafafun 'yan tsanan don su tsaya. Na kai ƙara wurin maigida, ya ce, "Ki bar shi mana, ai ya fi yawon banza."

Haka aka cinye damina. Ya aika fim ɗin wanki can nesa, bai dawo ba sai dab da Kirsimeti. Ya gayyato abokansa na ƙungiyar mawaƙan coci, har Mama, uwarsu, ta zo daga ƙauyensu na wajen Kafur. Da rana tsaka aka toshe tagogi da barguna, aka rataya farin zanen gadona a bango. Zafi kamar a gasa mutum.

Majigi ya fara kiri-kiri. Fim ɗin ba murya, don haka shi yake yin ihun da bakinsa. Ga mai jan wando, ga mai gemu, suna tsaye suna ɓari kamar masu masassara. Haske ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, domin bai kula da gajimare ba lokacin da yake ɗauka. Inuwarsu tana tsalle daga gabas zuwa yamma. Mai gemu yana wannan kusurwa, kafin ƙiftawar ido yana waccan, ba wanda ya ga ya taka. Sai ga babban yatsan ƙanin mijina ya cika bango, ya ɓace. Can kan kazata ya leƙo. Daga nan mai jan wando yana kwance, mai gemu a kansa, bango ya yi fari. An gama. Ko ruwan shayi bai isa tafasa ba.

Abokansa suka tafa. Mama ta ce, "Wancan mai jan wandon, lafiyarsa kuwa? Na ga yana ta karkarwa."

Ya yi kamar bai ji ba, ya juyo wurina yana murmushi. "To, matar Yaya, malamar makaranta, maki nawa kika ba ni?"

Shi ya tambaya. Na ce, "Ka ce kokawa ka yi. Ina kamun? Ban ga wanda ya kama wani ba. Hannuwansu a sanƙare, suna gogar juna kamar itace biyu. Wanda ya faɗi, me ya ka da shi? Yana tsaye, sai ga shi kwance. Faɗuwar ita ce kokawar, ita kuma ka tsallake, don ta fi wahala."

"Ke me kika sani a kan fim?"

"Na san kallo. Kuma me ya haɗa su faɗa? Wa zan goya wa baya? Ko yarinyar aji biyu in tana wasa da 'yan tsanar kara, takan ce wannan ce uwa, wannan ce 'ya. Kai ka hana mu daka wata da watanni, ga cingam ɗinka nan ana gani a ƙafarsu. Duk fim ɗin, kazata ce kaɗai ta yi motsi irin na mai rai."

Wani daga cikin abokansa ya fashe da dariya, ya toshe baki. Maigida ya ce, "Haba, ya isa." Ƙanin nasa ya zare wayar majigi da ƙarfi, ya ce baƙin ciki ne ke damuna, wai a duk ƙasar Katsina ba wanda ya taɓa yin irin wannan. Na ce wataƙila wasu sun yi, kunya ta hana su nunawa.

Daga ranar ya daina cin tuwona. In na gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Ya koma ɗakinsa ya ɗauki fim na biyu a ɓoye, ya haska wa yayansa, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina gani. Ya ɗaura wa mai gemu kallabi da ƙyallen atamfata, kowa ya san wa yake nufi. Sauran 'yan tsanan suka taru suka ɗaga shi, suka jefar da shi waje da fili. Wannan karon an ga faɗuwar, a hankali, har da juyi.

Maigida ya roƙe ni da ido in yi shiru. Na ce, "Faɗuwar ta fi ta da. Amma ga zaren da ka rataye shi da shi nan, baƙi a kan farin bango. Ko farin zare ba ka iya nema ba?"

Kafin watan ya ƙare ya kama ɗaki a Funtuwa ya kwashe kayansa. Mama ta yi ta ƙoƙarin shirya mu, abin bai wuce gaisuwa ba. Na ji ya ci gaba da haska wa yaran unguwarsu, ni dai bai sake gayyatata ba.

Da ya tashi aure, ana cikin biki amaryarsa ta matso kusa da ni, ta ce a hankali, "Yaya, ke ce aka ce ba kya son fim?"

Na ce mata ina so ƙwarai, nasa ne dai ban so ba, na ci gaba da rabon shinkafa.