Wace Ladin?

A Yasore na tashi, a gaban kakata Iya Abu. Lokacin kaka, da an idar da sallar isha'i sai ta hura wuta a tsakar gida, ta binne mana gyaɗa a toka, mu jikoki mu zagaye ta. Da ni take fara tsokana: "Maigida, cefane ka kawo ko baki?" A yi ta dariya, ni kuwa in cika in yi fam. Sannan ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan tafe gare ku." Mu ce, "Ta iso mu sha!"

Tatsuniyar Bushiya na fi so. Wata tsohuwa ce ta aike ta da maganin ciwon ciki, ta kai wa ɗiyarta Ladi. Bushiya sarkin gaggawa ba ta tsaya jin kwatance ba. Garin farko da ta shiga ta hau kiran "Ina Ladi?" Mata bakwai suka leƙo. Ta miƙa wa ta kusa, wadda lafiyarta ƙalau. Baiwar Allah ta shanye, ta wuni tana zaryar bayan gida, mai ciwon kuwa tana can tana murƙususu. Kunyar wannan ce ta sa har yau Bushiya ke dunƙulewa idan ta ga mutane.

"Suna arha gare shi, jikokina," in ji Iya. "Kowa na iya raɗa ma ɗiya tai Ladi. Ku tambayi ƙasa ta nuna maku gari, gari shi nuna maku gida. Ku ji gidan wa ne tukuna."

Yau kwamfuta nake koyarwa a wata sakandare a Safana, kuma haka adireshin intanet yake. Daga ƙarshe ake karanta sunan. Idan ka ga ng, ƙasarmu ce. Edu da ke kafin ita unguwar manyan makarantu ce. Sai sunan gidan. Duk abin da ya rage ta hagu ɗaki ne, mai gida na sa masa sunan da ya ga dama.

Bara 'yata Hadiza ta shigo da murna, an turo mata adireshin neman shiga makarantar koyon jinya. Har ta ɗauki hoton takardunta za ta tura.

"Baba, ga sunan makarantar nan ɓaro-ɓaro!"

"Karanto mini daga ƙarshe," na ce.

Ba ng, ba edu, sunan gidan ma baƙo ne. Wani ɗan damfara ne ya raɗa wa ɗakinsa sunan makarantar. Nan take ta fasa turawa. Muka lalubo shafin gaskiya ana saura kwana biyu a rufe.

Yanzu Hadiza na can tana koyon yin allura. Iya ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe waya ba, ba ta kuma ga wannan tattaɓa-kunnen nata ba. Amma ita ta tsare mata takardunta. Allah Ya jiƙan Iya.